Tiyon ambireyaj ya sake tsagewa bayan sati uku: jan ƙarfen firiji ne ko aikin hannu?

Direban Abalak: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar manyanmu makanikai, don abin ya tsaya mini a rai. Ina jan tsohuwar Hilux mai gazuwal, ta maigidana ce, ina ɗaukar kaya da mutane tsakanin Tahoua da Abalak. Wata guda ke nan, mun baro Tabalak kaɗan za mu gida, na taka ambireyaj in sauya giya, sai feda ta tahi ƙasa ta kwanta. Na sa bakin takalmi na ɗago ta, na sake takawa, babu nauyi ko kaɗan. Na buɗe gaba na duba kofin man, ya bushe ƙaf. Da na shiga ƙarƙashi sai ga tiyon ƙarfe ya cinye ta gefe guda inda yake gugar jikin mota, ɗan rami kamar hudar allura, ɗigon mai na ƙarshe yana sauka bisa yashi. Na kashe mota, na sa giya ta ɗaya, na murza makulli ta yi tsalle ta tashi, na riƙa sauraren muryar inji ina sauya giya ba ambireyaj har munka shigo gari.

Na kai ta wani gareji. Mai aikin ya ce ba sai an nemi tiyon ainihi ba, ya aiki yaro anka sayo jan tiyo irin na masu gyaran firiji, ya buɗa mai baki, ya naɗa farin zaren masu gyaran famfon ruwa ga noti ya ɗaure. Jikka shida na biya. Sati uku tana aiki lafiya lau. Jiya da safe na ga famfon ƙasa, wanda mai ke turawa ya saki ambireyaj, ya jiƙe, na ƙara ɗaure notin, sai zubar ta ƙaru. Da na kwance, tiyon ya tsage daidai bayan bakin, zagaye, saura kaɗan ya rabu biyu. Tambayata: tiyon ne bai da kyau, ko buɗa bakin ne ba a iya ba? In sake sa irinsa ko in nemi na ƙarfe? Gobe bayan la'asar ina da lodi.

Ɗan Ƙonni: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, direba. Mu nan bakin iyaka kuloci muke ce masa, amma ciwon ɗaya ne. Ka jefar da jan tiyon nan, ka samu na ƙarfe daga motar da aka kashe. Magana ta ƙare.

Mai Firiji na Yamai: A'a, malam, maganar ba ta ƙare ba. Kullum aka ga matsala sai a ɗora wa jan ƙarfe laifi. Shekara goma sha huɗu ina harhaɗa na'urar sanyaya ɗaki a nan Yamai. Gas ɗin R410A da ke cikin da yawa daga cikinsu, in zafin watan Afrilu ya kama, matsinsa a ma'auni yana kai bar 30 har ya ɗan wuce. Da jan tiyo muke haɗawa, da baki falle ɗaya, kuma yana shekaru bai yi ko numfashi ba, alhali gas ya fi mai saurin samun hanyar fita. Matsin ambireyaj ba wani abin tsoro ba ne a kan haka. Ni na fi zargin hannun mai aikin: ko ya yanke da zarto baki ya karkace, ko ya matse bakin har ya yi siriri kamar takarda.

Baban Gareji: Sallama gare ku. Ɗana direba, kafin a yi nisa da gardama, ɗauko hoto biyu ka turo: bakin da ya tsage, da kuma hanyar da tiyon ya bi tun daga famfon sama, wanda feda ke turawa, har famfon ƙasa. Kar ka bar ko taƙi ɗaya.

Direban Abalak: Ga su nan, Baba. Na ukun daga ƙasa na ɗauka, in bai fito ba in sake.

Baban Gareji: Ya fito, kuma na ga abin da nake tsoro. Ina robar tsakiya? Motar ga, yadda anka ƙera ta, tiyon ƙarfe yana saukowa daga famfon sama ya tsaya ga wani ɗan kunne da ke jikin mota. Daga nan tiyon roba mai ɗamara a ciki shi ke karɓa, ya tsallaka zuwa gefen inji, sannan a kai ga famfon ƙasa. A hotonka jan tiyo ya miƙe tun daga sama har ƙasa, kunnen nan yana nan fanko.

Direban Abalak: Wallahi ya cire ta, Baba. Ya ce ta tsufa ta kumbura, kuma gwamma tiyo guda babu haɗi da yawa, wai ko wane haɗi ƙofar yoyo ne. Ni kuwa na ga maganar ta yi ma'ana.

Baban Gareji: To ga inda gizo ke saƙa. Famfon sama yana ɗaure ga jikin mota. Famfon ƙasa yana ɗaure ga buwat, wato akwatin giya, buwat kuwa tare da inji take, su biyun bisa roba suke zaune don su yi motsi. Ka buɗe gaba ka sa yaro ya tada mota, ka kalli yadda inji ke girgiza kamar doki ya ji ƙuda. Ka sa giya ka saki ambireyaj da kaya a baya, za ka ga ya karkata gefe guda. Duk wanga motsi robar tsakiya ke shanye shi. Da anka cire ta, tiyon ƙarfe ne ya koma yana lanƙwasawa, sau dubbai a yini, kuma wurin da ya fi jin jiki shi ne inda noti ya riƙe shi ƙam. Can ya tsage, ba wani wuri ba. Ko tiyon ainihi ka sa haka, zai daɗe fiye da sati uku, amma ƙarshensa ke nan.

Sai dai kar Mai Firiji ya ji daɗi da yawa, don jan ƙarfe ma yana da nasa. Ɗauki guntun jan tiyo sabo, ka lanƙwasa shi da hannu, taushi kamar kara ɗanye. Ka miƙe shi ka sake lanƙwasawa wuri guda. A karo na huɗu ko na biyar za ka ji ya yi tauri, kaɗan gaba sai ya karye. Halinsa ke nan: aiki na busar da shi. Na'urarka, ƙanena, bisa bango take zaune. Ba ta bin gargadar hanyar Keita, ba ta faɗawa ramukan hanyar Agadez da buhu talatin a baya.

Mai Firiji na Yamai: Wannan na yarda, Baba. Mu ma kusa da kwamfuresa, injin da ke matsa gas, ba ma barin tiyo a miƙe, sai mun yi masa lanƙwasa ko zobe don ya sha girgiza. Amma ka ga da bakinka ka ce cire robar ce babbar matsala. In aka mayar da roba, aka ɗaure jan tiyon da maƙalai kusa-kusa yadda ba zai kaɗa ba, me zai same shi? Na san masu taksi a nan da suke yawo da shi shekara da shekaru.

Injiniya daga Arlit: Bari in sa baki a nan, don akwai rikici a kan sunan abin. Jan tiyo iri biyu ne. Akwai jan ƙarfe zalla, na firiji da gas. Akwai kuma wanda aka yi don mota, gaurayen jan ƙarfe kashi 90 da nikel kashi 10, launinsa bai kai na firiji ja ba, ya ɗan yi fari-fari. A shekarun 1970 kamfanin Volvo ya fara sa shi a birkin motocinsa saboda gishirin da ake zubawa a kan hanya lokacin ƙanƙara. Ba ya tsatsa, yana lanƙwasuwa da hannu, yana karɓar baki cikin sauƙi, kuma yana jure girgiza fiye da zallan nesa ba kusa ba. Wani mai taksin da kake gani, mai yiwuwa irin wannan ne a motarsa tun daga Turai, kai kuma ka ɗauka naka ne.

Tiyon ainihi na ƙarfe kuma ba bututu ne kawai ba. Fallen ƙarfe ne aka naɗe sau biyu aka like da jan ƙarfe a cikin wuta, sannan aka shafe bayansa don tsatsa. Shi ya sa nake roƙon makanikai su daina gasa bakinsa da wutar walda wai don ya yi taushi. Shafin yana ƙonewa, likin yana raunana.

Kaurin da aka fi samu a ƙananan motoci milimita 4.75 ne, wato inci 3/16, noti kuma M10 mai zare 1.0, wato kaurin zarensa milimita 10, tazarar zaren milimita 1. Wasu ambireyaj suna da mai kauri fiye da haka, don haka a auna tsohon kafin a sayi sabo.

Ɗan Ƙonni: Injiniya, duk mun ji. Amma mutumin nan gobe yake da lodi, kuma a Tahoua yake. Mai nikel ɗin nan a wane kanti zai same shi kafin azahar? Ni dai na ce na motar da aka kashe, bakinsa na kamfani, lanƙwasarsa ta kamfani, ba ruwanka da kayan buɗa baki.

Ɗan Katako: In za a bi shawarar nan, a bi da ido buɗe. Sana'ata ke nan, kwance motoci. Wadda ta yi rayuwarta a nan ƙasar, tiyonta gogewa ke kashe shi, kamar na direba, musamman in maƙalin roba ya bushe ya faɗi. Wadda ta fito Turai ta tashar Kwatano ko Lome, tsatsa ke cin ta, kuma tsatsar a ƙarƙashin maƙali take ɓuya. Ka zame maƙalin ka kankara da farce. In wurin ya yi ƙuraje ko ya kumbura, ka ajiye ko da kyauta aka ba ka. Kuma ka hura shi da iska mai ƙarfi ka wanke da man birki sabo, don wanda ya kwana wata shida a yashi cikinsa ba ya rasa ƙasa, ita kuwa ƙasa kai tsaye take zuwa ta ci robobin famfo.

Ɗan Koyo: Iyayena, ku yi haƙuri da tambayar yaro. Shekarata biyu a gareji. Maigidana yana da akwatin buɗa baki, amma ni duk wanda na yi sai ya karkace ko ya tsage. Kuma ban gane bambancin falle ɗaya da ninki biyu ba. Baba, in da hali a yi mana dalla-dalla.

Baban Gareji: Madalla da tambaya, ɗana. Zauna ka ji.

Da farko ka san cewa ba zaren noti ke tsare mai ba. Noti turawa kawai yake yi. Abin da ke tsare mai shi ne bakin tiyo da ya zauna bisa mazauninsa a cikin famfo, ƙarfe bisa ƙarfe. Shi ya sa farin zaren famfo da anka naɗa wa direba bai da aikin yi a wurin. In baki ya zauna, ba a bukatarsa. In bai zauna ba, mai zai bi ta tsakanin tiyo da noti ya fito, zaren yana kallo. Ƙari ma, guntunsa na iya tsinkewa ya shiga ciki ya toshe ƙaramin ramin famfo.

Falle ɗaya shi ne ka tura tsinin nan cikin tiyo ya buɗe kamar bakin kakaki. Gefen ya miƙe ya yi siriri, kuma a tiyon ƙarfe sau da yawa nan take yake tsagewa. Wannan na firiji ne, a bar wa masu firiji. Mota iri biyu ta sani. Ta Japan, irin su Toyota da Nissan, ninki biyu: bakin ya buɗe sannan ya naɗo ciki, kamar yadda tela ke kalmashe bakin wando. Ta Turai, irin su Peugeot da Mercedes, baki mai kumburi, kamar ƙaramin kan albasa. Ka haska tocila cikin ramin famfo. In ka ga ɗan tsini ya taso a tsakiya, ninki biyu yake jira. In ka ga wurin ya lotsa kamar ƙasan ƙwarya, kan albasa yake jira. Notinsu na iya zama zare ɗaya, ya shiga sumul, amma baki bai dace ba, kuma duk ƙarfin da ka sa sai dai ka lalata mazaunin.

Yanzu aikin. Ka yanke da abin yanka mai faifai, kana juyawa kana ƙara matsi kaɗan-kaɗan. In ka matsa da gaggawa bakin zai shige ciki ya yi tauri. In zarto kawai gare ka, to ka bi da magagari har fuskar ta yi daidai, ka ɗora ta bisa ƙarfe mai shimfiɗaɗɗiyar fuska ka ga ba ta jirkice ba. Ka kwashe ƙaiƙayin ciki, ka ɗan sassaƙe gefen waje kaɗan, ka juya bakin ƙasa ka buga don garin ƙarfe ya zube. Sannan ka zura noti. Na ce ka zura noti tun yanzu, zarensa yana kallon baki, don in ka gama baki mai kyau ka tarar da noti bisa tebur, sai yankewa.

Ka sa tiyo cikin ramin da ya dace da kaurinsa a ƙarfen riƙo. Tsawon da zai leƙo waje ba da ido ake ƙiyasta shi ba. Ɗan maɓallin nan mai wutsiya da ke cikin akwati yana da kafaɗa. Ka kifa shi gefen tiyo, tiyon ya leƙo daidai tsayin kafaɗar. Ka ɗaure riƙon sosai, ka fara da ɓangaren da ya fi kusa da tiyo. In bai riƙu ba, tiyo zai zame baya kana matsawa, shi ne rabin karkacewar da kake gani. Ka ɗiga man birki, ba man inji ba, bisa baki. Ka sa wutsiyar maɓalli ciki, ka tabbata ya zauna tsaye, ka matsa har ya taɓa ƙarfen riƙo. Ka cire, za ka ga bakin ya kumbura kamar tulu. Sai ka sa tsinin kai tsaye ka matsa ya naɗe leɓen ciki. A nan yara ke ɓata aiki: suna murzawa har sai hannu ya ƙi. Kar ka yi haka. Da ka ji ya zauna, ka tsaya. Ka bar wa noti ɗan abin da zai ƙarasa matsewa a cikin famfo, nan ne bakin ke ɗaukar siffar mazauninsa.

Ka fitar ka duba cikin rana. Zagaye ɗaya, kauri ɗaya, ramin a tsakiya, babu tsaga ko ta gashi guda. In kana shakka, yanke ka sake. Ka samu tsohon tiyo ka yi baki ashirin kafin ka taɓa motar mutane.

Ɗan Koyo: Allah ya saka da alheri, Baba. Na gane kuskurena, ina barin tiyon ya leƙo da yawa, kuma ban taɓa sassaƙe gefen ba.

Injiniya daga Arlit: Ƙari kaɗan a kan ɗauri. Notin nan a Toyota ƙarfin ɗauri kusan Nm 15 yake so, abin da hannu ɗaya ke yi da gajeren kile, wato sifana. A fara shigar da shi da yatsu zagaye uku ko huɗu kafin kile ya taɓa shi, don jikin wasu famfunan alminiyom ne, zarensu ba ya yafiya. A yi amfani da kile mai tsaga na tiyo, lamba 10, wanda ke rungumar noti, ba mai baki buɗe da ke cinye kusurwa ba. Masu tsofaffin Land Rover da motocin Amurka kuma su kula: akwai noti na inci, 3/8 mai zare 24, yana shiga ramin M10 kamar nasa amma yana rawa, kuma matsi na iya fizge shi.

Hajiya Mai Motoci: Ni ba makanikiya ba ce, motoci biyu gare ni a hanyar Ƙonni. Abin da ya tsaya mini shi ne wannan: hannun da ya yi wa ambireyaj baki falle ɗaya da tiyon firiji, gobe in tiyon birki ya huje, me zai hana shi yin haka? Direba ya dawo gida ba ambireyaj, mun gode Allah. Da birki ne fa, ga mutane a baya?

Mai Firiji na Yamai: Hajiya, a birki kam ko ni ba zan sa nawa ba. Matsinsa in an taka da ƙarfi yana wuce bar 100, ba sa'an aikinmu ba ne. A ambireyaj ne nake cewa in mutum ya maƙale a daji, jan tiyo zai kai shi gida, har ya yi kwanaki.

Baban Gareji: A kan kai wa gida ba mu da saɓani, ƙanena. Wanda dare ya yi wa tsakanin Abalak da Agadez, abin da ya samu shi ne nasa. Inda nake tsayawa shi ne cikin gari, mota a gareji, kanti a buɗe, a karɓi kuɗin mutum a sallame shi da gyaran daji ba a gaya mai ba. Kuma maganar Hajiya ita ce dalilin da ya sa a garejina ban yarda yaro ya koyi baki iri biyu, na ambireyaj daban na birki daban. Tiyo ɗaya ne, noti ɗaya ne, akwati ɗaya ne. Abin da hannu ya saba shi zai yi ranar da ba na nan.

Direban Abalak: Baba, na samu tiyon ƙarfe daga wata Hilux da anka kwance, na duba ƙarƙashin maƙalai kamar yadda Ɗan Katako ya ce, fes yake. Roba sabuwa na saya. Mun ɗaura, babu yoyo. Amma feda tana da laushi, sai na taka sau uku giya ke shiga. Kuma wane mai zan ƙara? Yaron kanti ya ce ko jan man sitiyari yana yi.

Baban Gareji: Kul! Kar ka kusanto da shi. Man sitiyari, man inji, har koren man Citroën, duk suna kumbura robobin famfo, kwana kaɗan su narke kamar ƙosai a ruwa. Duba murfin kofin, za ka ga an rubuta DOT 3, wato irin man birkin da yake so. Shi ko DOT 4, daga gwangwani rufaffe. Wanda anka buɗe ya kwana watanni ya riga ya sha raɓa. Kuma in ya zuba bisa fenti ka wanke da ruwa nan take.

Laushin kuwa iska ce. Cika kofi. Sa siririn tiyo mai gani-ciki ga ɗan notin fitar da iska na famfon ƙasa, ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan mai. Yaro ya taka a hankali sau huɗu ya riƙe ƙasa, kai ka buɗe kaɗan, kumfa ta fita, ka rufe, sannan ya ɗago feda, da hannu in ta ƙi tasowa. Ba zai ɗaga ƙafa ba sai ka ce ka rufe. Bayan ko wane zagaye uku ka leƙa kofi, don ƙarami ne, in ya sauka ƙasa ya ja iska kun koma farko.

Injiniya daga Arlit: In kun gama, yaron ya riƙe feda a ƙasa minti ɗaya, ka shafa busasshiyar takarda a kowane haɗi. Kuma ka ɗage robar ƙura ta famfon ƙasa ka duba. Famfon da ya yi aiki a bushe tun daga Tabalak yana iya fara naso daga baya.

Direban Abalak: Alhamdu lillahi. Zagaye tara munka yi kafin kumfa ta ƙare, man farko da ya fito baƙi ne kamar shayin da ya kwana. Yanzu feda ta yi nauyi tun daga sama, giyar baya ma tana shiga ba ƙara. Takarda ta fito a bushe, ƙarƙashin robar ƙura ma a bushe. Inda tsohon tiyon ya goge na tarar maƙali biyu babu su, na yanka guntun tiyon gazuwal na tsaga shi na rungume tiyon da shi a wurin, na ɗaure. Na gode, Baba, na gode jama'a.

Baban Gareji: Madalla. Guntun robar nan zai riƙe ka zuwa Abalak da dawowa, amma ka nemi maƙalan gaske wurin wanda ya sayar maka da tiyon, suna nan jikin motar da ya kwance. Kuma in ka dawo ka biyo da ita garejina da safe kafin inji ya yi zafi, ina so in ga robobin da inji ke zaune a kai. A hotonka na uku, ta hagun kamar ta tsage.